Yaran da Injiniya Bai Ƙirga Ba

Shekara tara ina koya wa yaran Hausawa karatu da rubutun Hausa a tsakar gidan hayarmu da ke bayan Mairie, ofishin ƙaramar hukumar Adjamé a birnin Abidjan, ƙarƙashin wani tamfol da na ɗinka da hannuna. Asabar da Lahadi muke yi, sai Laraba da rana idan an taso daga lakwal, makarantar boko ke nan. Yara ne haihuwar nan, bakinsu cike da Faransanci da nushi, yaren 'yan titin Abidjan, ka gaishe su da Hausa su tsaya suna kallon bakinka. A bana mai gidan ya ce zai gina ɗakuna biyu a wurin, mu kwashe allunanmu kafin ƙarshen wata.

Wuri ɗaya na sani da zai ɗauke mu. Alhaji Mijinyawa, yayan marigayi mijina, yana da mangaza, wato babban ɗakin ajiye kaya, a kusa da kasuwar Marché Gouro, wata shida ke nan ba komai a cikinta sai ɓeraye. Shi Alhaji shigo da kaya yake yi ta tashar jirgin ruwa, ofishinsa na Treichville. Na je na durƙusa na roƙe shi. Ya ce ai na makara kaɗan, akwai wani Usama mai sayar da rigunan waya da ke bin sa a kan mangazar. Amma tunda aikin Allah ne, zai duba. Idan yaran Hausawa 'yan makaranta a unguwarmu sun kai ɗari biyu da hamsin, zai ba ni lakile, wato makullin mangazar. Idan ba su kai ba, Usama ya ɗauka.

Tafɗi! Mutumin da bai gama aji uku ba, tun da ya fara zama da masu taransit, masu fito da kaya daga kwastan a bakin tasha, ba ya buɗe baki sai ya ce alƙaluma. Ko tuwo aka kawo masa sai ya tambayi kashi nawa cikin ɗari ne masara. Ya ce ba zai yi aiki da surutun mata ba, Injiniya zai turo ya ƙirga.

Injiniya ɗana ne na fari. Na faɗa muku sau ɗaya don ku gane labarin, sunansa kuwa ba a bakina za ku ji shi ba. Ana yaye shi Alhaji ya ɗauke shi, kamar yadda ake yi a garinmu, can wajen Illela. Matar Alhaji 'yar Jula ce, ita ta raine shi a Treichville, ya tashi da Julanci da Faransanci, Hausarsa kuwa sai addu'a. Tanti yake kirana, yadda ake kiran inna ko gwaggo da Faransanci. Ni kuma idan ya shigo da sallah na amsa gaisuwarsa ina kallon tukunya, in tura Rufaida ko Idi, ƙannensa, su kai masa abinci. Ya yi karatun ƙididdiga, abin da suke kira istatistik, har aka ba shi takarda mai hatimi. Shekarunsa ashirin da bakwai, kuma ba na jin ya taɓa sayen tumatir da kansa.

Ya iso ranar Litinin da safe da farar riga da jakar komfuta, yana ɗaga ƙafa yana tsallake kwatar Adjamé kamar za ta cije shi. Ya karɓi rajistar ƙungiyar Hausawan unguwa a wurin liman, gidaje ɗari da ashirin. Na ce masa ya huta, ya zauna kan benci, ni Lailatu zan jero masa gidajen nan ɗaya bayan ɗaya da yaran da ke ciki, har da masu ƙaiƙayi. Ya ce a'a, cikin ladabi. Wai ni ina son mangazar, don haka ƙirgata za ta karkata ko ban yi niyya ba. Kun ji fa, ƙarya yake nufin zan yi, amma da Faransanci.

Ya ce kuma ba zai shiga duka gidajen ba, arba'in sun isa. Samfuri ke nan. Ya yanka takardu ƙanana ɗari da ashirin, kowace da lambar gida, ya zuba a kwanon shan Rufaida, ya girgiza, ya rufe ido ya zaro arba'in. Na tambaye shi ko caca muka zo yi. Sai ya shiga yi mini bayani, wai idan mace za ta ɗanɗana miya ba ta shanye tukunya, cokali ɗaya take ɗiba, amma sai ta juya tukunna. Girgiza kwanon shi ne juyawar. Ni za a koya wa ɗanɗana miya! Na yi tsaki na shige ɗaki. Gidanmu bai fito a ƙuri'ar ba, amma lambobin da suka fito duk na ji su, kuma na riƙe.

Kwana huɗu yana yawo. Da safe yake zuwa, lokacin da maza sun watse, mahauta suna mayanka, 'yan dako suna tasha, sauran suna kasuwa. Ya ce da gangan ya yi, mata yake son tambaya, domin namiji zai haɗa masa da yaran da ya baro a Najeriya ko Nijar. A nan kam ya yi tunani, ba zan hana shi ba. Ta taga nake jin sa a maƙwabta, yana sallama kamar mai karanta takardar asibiti, sannan ya ce wa matar gida yara nawa kina da, nawa suna tafi lakwal. Matan su yi ta gumtse dariya, su ba shi kujera, su ba shi ruwa, su ba shi amsa. Shi kuma ya rubuta da fensir, ya yi godiya, ya wuce gida na gaba yana duba agogo.

Ranar Asabar ya aiko mini da rahoto, shafi goma sha ɗaya, an buga da launi. Akwai zanen sanduna ja da shuɗi, akwai wani zagaye da aka yayyanka kamar kankana. Na sa Rufaida ta karanta mini Faransancin. A gidaje arba'in ya samu yara 'yan makaranta sittin. Matsakaici, yaro ɗaya da rabi a kowane gida. Na ce mata ta sake karantawa, ina son in san wace baiwar Allah ce ta haifi rabin yaro a Adjamé ban je barka ba. Har ya ƙara da cewa wani gida mai yara tara, wanda ni na san na Kailu mahauci ne, shi ya ja matsakaicin sama, idan aka jera gidajen daga ƙarami zuwa babba, na tsakiya yaro ɗaya gare shi. Tunda arba'in kashi ɗaya cikin uku ne na ɗari da ashirin, ya ninka sittin sau uku, ya samu ɗari da tamanin. A ƙasa ya rubuta cewa yana da tabbacin kashi casa'in da biyar cikin ɗari cewa adadin gaskiya yana tsakanin ɗari da hamsin da ɗari biyu da goma. Ko ta ina aka juya, bai kai ɗari biyu da hamsin ba.

Amma ni na san unguwar nan. Da yamma idan aka taso lakwal ba ka iya wucewa da tire a layinmu sai ka yi ta ture kawuna. Na karɓi shafin ƙarshe, inda ya jera amsoshin. Bai sa sunaye ba, lambobi ya sa, wai don sirri, a unguwar da kowa ya san abin da kowa ya dafa. Na nemo lamba goma sha bakwai, gidan Lami mai sayar da aceke, abincin rogon nan da ake ci da kifi. Yara uku, biyu suna lakwal. Lami kuwa huɗu gare ta, kuma babbar, Kamila, shekara goma sha biyu, ita ke zama a layin gaba a ajina tana gyara wa yara baƙi.

Na yafa gyale na tafi. Na samu Lami tana soya kifi, na tambaye ta nawa ta ce wa mai farar riga. Ta ce uku mana. Na ce Kamila fa, a bola kika tsinto ta? Ta ja gefen zane ta rufe baki.

"Haba Malama, da bakina? A gaban baƙo?"

Kamilar ce ma ta ɗauko masa kujera ran nan da ba ta je lakwal ba, ita ta miƙa masa ruwa. Yana zaune yarinyar na tsaye a kansa, ya rubuta uku.

Na dawo gida na zauna da shafin da alli. Gida bayan gida, duk inda ɗan fari bai wuce shekarun lakwal ba, sai in ga an rage ɗaya. Matan Sakkwato, matan Konni, matan Tawa, har da waɗansu haihuwar nan da ke sa wando. Guda ashirin da shida na samu. Na ƙara su kan sittin, tamanin da shida, sau uku ɗari biyu da hamsin da takwas. Lissafin da ko mai sayar da ruwan leda za ta yi a tsaye. Na yi dariya har Idi ya leƙo ya ga ko lafiya. Shekara biyar a jami'a, da komfuta, da kashi casa'in da biyar cikin ɗari, amma ba wanda ya gaya masa cewa Bahaushiya ba ta sa ɗan fari a lissafin 'ya'yanta.

Litinin bayan azahar na hau bas na haye gada zuwa Treichville. Ofishin Alhaji yana bene na biyu, taga na kallon manyan motoci da ke layi a bakin tasha. Na'urar sanyi na ta gurnani. Usama na zaune a gefe yana latsa waya biyu lokaci ɗaya, lakilen mangaza kuwa yana kan tebur, ɗaure da jan zare. Injiniya na ɗaya gefen da rahotonsa a gabansa. Ya miƙe ya gaishe ni, na amsa ina kallon kalandar da ke bango.

Alhaji ya fara da ba ni haƙuri, irin haƙurin da ake bayarwa ana murmushi. Ya ce alƙaluma sun yi magana. Na ce Yaya Alhaji, alƙaluman nan kurame ne. Na shimfiɗa shafina a kan teburin, na karanta masa gidaje ashirin da shida da sunan kowane yaro da aka bari a waje. Na ce ya tuna da tasa uwar, Allah ya jiƙanta, ko ta taɓa kiran sunan babban yayansu har ta koma ga Allah.

Ya kaɗa hannu. Ya ce wannan zancen da ne, zancen ƙauye. Nan Abidjan ne, mata suna tsayawa a bakin titi su ƙwala wa ɗan fari kira da cikakken sunansa, har su sa hotonsa a waya. Ya ce ashirin da shidan nan ni na ƙirƙiro su, ai dama an ce ina da ra'ayi a maganar. Usama ya ɗago ya yi wata 'yar dariya, ya koma kan wayoyinsa. Na so in tambaye shi ko rigar waya ce za ta yi masa addu'a idan ya mutu, na dai haɗiye.

Injiniya kuwa ya jawo shafina yana bin sa da yatsa, yana gwadawa da nasa. Can ya ɗago, ba ni ya kalla ba, tebur ya kalla.

"Duka mata suna yi haka?" ya ce. "Ba mutum ɗaya ba?"

Na ce duk wadda aka yi wa tarbiyya. Na faɗa da ƙarfi, don Alhaji nake yi.

Injiniya ya ajiye shafin. Sannan ya juya ga Alhaji, ya koma Faransanci, a hankali yadda har ni na bi shi. Ya ce idan abin da Tanti ta faɗa gaskiya ne, to rahoton nan bai da amfani. Tazarar da ya bayar, daga ɗari da hamsin zuwa ɗari biyu da goma, tana rufe kuskuren ƙuri'a ne kawai, wato ko hannunsa ya zaro gidaje masu yawan yara ko marasa yawa. Ba ta rufe kuskuren da ke cikin amsar kanta. Idan sikelin mahauci na rage giram ɗari, ko sau dubu aka auna nama a kansa, sau dubu zai rage. Da ya shiga duka gidaje ɗari da ashirin ma, da haka zai fito da ƙarya, ƙarya mai tsabta. Ya ce laifinsa ne, bai gwada tambayar ba kafin ya fita da ita, kuma yana roƙon sati ɗaya ya sake aikin, wannan karon yaran zai ƙirga da idonsa.

Na yi mamaki, ban taɓa jin ɗan boko ya ce laifinsa ne ba. Alhaji kuwa ya ɓata rai. Ya ce Usama ya gaji da jira, kaya na cikin kwantena, ba zai riƙe mangaza a rufe saboda tatsuniya ba. Ina shaida?

Injiniya ya ce akwai hanyar gwadawa nan take. A tambayi macen da aka riga aka san amsarta, a ga ko za ta rage. Ya ce ga ɗaya a ɗakin, kuma su biyun sun san gaskiyar adadin. Idan ta rage, a ba shi satin nan.

Alhaji ya dube ni, ya dubi agogo, ya ɗaga kafaɗa, ya juya ga Injiniya. "Na yarda, Zaharaddin. Sati ɗaya. Tambaye ta mu ji."

Wallahi a raina na ce shi ke nan, mangaza ta zo hannu. Ba abin da ake nema a wurina sai in faɗi abin da na saba faɗa. A asibiti biyu nake cewa. Da masu ƙidayar gwamnati suka zo, biyu na ce. A gidan suna, a gidan biki, duk wadda ta tambaye ni, biyu, Rufaida da Idi, sai wata tsohuwa a gefe ta ce da yayansu, a yi dariya a wuce. Kalma ɗaya ce, kuma ita ce tarbiyyar da nake taƙama da ita.

Ya zaro sabuwar takardar tambaya daga jakarsa, ya daidaita ta a kan tebur, ya ɗauki fensir. Bai ɗago kai ba.

"Tanti, yara nawa kina da?"

Ina tsaye a kansa, don haka ina ganin takardar. Kafin in buɗe baki ya riga ya rubuta. Biyu, ƙarama, a tsakiyar akwatin. Ya ajiye bakin fensirin a akwati na gaba yana jira in tabbatar, ya ci gaba.

Sai a lokacin na gane abin da ya tambaya ɗazu, da ya ce ba mutum ɗaya ba. Ya sha jin biyun nan daga bakina, a gidan suna, a ranar sallah, yana yaro da sabuwar riga yana tsaye a bayan matar Alhaji. Ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce masa al'ada ce, kowa ya ɗauka ya sani. Shi ya ɗauka ni kaɗai ce a duk Abidjan, kuma shi kaɗai aka yi wa. Ga shi yanzu da hannunsa ya cire kansa daga lissafi don in samu mangaza. Tausayinsa ya kama ni, haushin kaina kuma ya fi tausayin yawa. Sati guda ina yi wa yaron nan dariya wai bai san komai ba.

Alhaji ya ce ana jira, Malama.

"Uku," na ce.

Fensirin bai motsa ba. Na ga ƙeyarsa ta yi tsam.

"Uku ne. Goge wannan."

Alhaji ya bushe da dariya har da buga tebur. Ya ce to kun ji, ita kanta shugabar masu kunyar ta ƙirga nata cif, a gaban maza uku, ina sauran magana? Ya tura lakilen ta kan tebur, Usama ya cafe ya jefa a aljihu ya miƙe. Injiniya ya zabura, ya ce mutum ɗaya ba samfuri ba ne, ba a yanke hukunci da amsa ɗaya, shi ne ya yi kuskuren kawo gwajin. Alhaji ya ce ai da biyu ta ce da ba ka faɗi haka ba. Ya ɗauki wayarsa ya shiga magana da wani a kan kwantena.

Na tattara shafina na naɗe. Ban yi wa kowa sallama ba. A bakin ƙofa na waiwaya, na ga Injiniya ya koma ya zauna, ya juya fensirin yana goge akwatin a hankali, yana hure takardar, yana sake gogewa, alhali tuni ta yi fari.

Ranar Asabar yara hamsin da ɗaya suka zo. Na koya musu baƙaƙe masu ƙugiya kamar yadda na tsara, sannan na ce kowa ya tafi da allonsa gida, kada ya dawo da shi. Kamila ta tambaye ni sai yaushe. Na ce ban sani ba, ta taya ni kwance tamfol.